Romiyo da Juliyet: ciwon damuwa ne, zugar abokai ce, ko sakacin manya?

Malama Hauwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga magana ina so mu baje ta a faifai. Duk lokacin da aka ɗauko wasan Romiyo da Juliyet na Shakespeare, ko a aji ko a dandamali, abin da ake fara gaya wa yara shi ne labarin soyayya ne. Amma wanda ya zauna ya ƙirga zai ga mutum shida ne suka mutu cikin ƙasa da mako guda. Biyar matasa ne: Makushiyo abokin Romiyo, Tibalt ɗan'uwan Juliyet, Faris mai neman aurenta, sai Romiyo da Juliyet, waɗanda suka kashe kansu. Ta shida mahaifiyar Romiyo ce, wadda baƙin cikin korar ɗanta ya kashe. Tambayata biyu ce. Shin a rubutun wasan akwai hujjar cewa Romiyo ko Juliyet na da larurar ƙwaƙwalwa, ko mu ne muke ɗora masa fahimtar zamaninmu? Sannan idan ɗaliban babbar sakandare za su yi wasan, me ya kamata a kiyaye?

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam Malama. Kafin a kai ga likitoci, a fara duba kwanakin, domin nan Shakespeare ya fi sa hannu. Labarin ba nasa ba ne. Ya samo shi daga doguwar waƙar Arthur Brooke ta 1562, inda al'amarin ya ɗauki watanni kusan tara, Juliyet kuma tana dab da shekara 16. Da ya zo rubuta nasa, wajajen 1595, sai ya mayar da ita 'yar 13, saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14 a daren 31 ga Yuli, ya kuma matse watannin nan suka koma kwana huɗu.

Ga yadda suka tafi. Lahadi da safe bayin gidaje biyu masu gaba da juna, gidan Mantagu na su Romiyo da gidan Kafulet na su Juliyet, suka yi faɗa a titin birnin Berona. Lahadi da dare aka yi liyafa a gidan Kafulet, suka ga juna. Litinin da rana Fada Lorens ya ɗaura musu aure a ɓoye. Bayan kamar awa ɗaya Tibalt ya kashe Makushiyo, Romiyo ya kashe Tibalt, Yarima mai mulkin Berona ya kore shi daga gari. Talata da asuba ya kama hanyar Mantuwa, a safiyar aka gaya wa Juliyet za ta auri Faris ranar Alhamis, da yamma mahaifinta ya dawo da bikin Laraba. Daren Talata ta sha maganin barcin da Fada ya ba ta don a zaci ta mutu. Daga haɗuwa zuwa aure bai cika awa 24 ba. Babu wata shawara babba a wasan nan da wani ya kwana a kanta.

Rakiya:
Malam, kwana huɗun nan akwai gyara. Fada ya ce maganin zai riƙe ta awa 42. In ta sha wajen tsakar daren Talata, farkawarta ta faɗa yammacin Alhamis, sannan mai gadi a maƙabarta ya ce kwana biyu ke nan da binne ta. Ke nan rufewar wasan ta kai daren Alhamis, wayewar Juma'a.

Malam Isiyaku:
Kin yi gaskiya Rakiya, masana sun daɗe suna ja a kan wannan, domin lissafin cikin rubutun bai daidaita da kansa ba. Mu ce huɗu zuwa biyar. Ko wanne aka ɗauka, ba a kai mako ba.

Likita Sa'adatu:
Malama Hauwa, bari in ɗauki tambayar farko. Ciwon damuwa mai tsanani yana da ma'auni. Alamomi tara ake dubawa: baƙin ciki mafi yawan yini, daina jin daɗin abin da a da ake so, sauyin cin abinci ko nauyin jiki, lalacewar barci, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, gajiya, ganin kai ba a bakin komai ba, kasa tara hankali, da yawan tunanin mutuwa. Sai an samu aƙalla biyar, ɗaya daga cikinsu ta zama ta farko ko ta biyu, sun ɗauki mako biyu, sun kuma taɓa karatu ko aiki ko zama da mutane. A matasa, saurin fushi kan tsaya a madadin baƙin cikin.

Yanzu a buɗe kashi na 1, fitowa ta 1, a saurari mahaifin Romiyo. Ya ce safiya da yawa ana ganin ɗansa a waje kafin gari ya waye yana kuka, da rana ta ɓullo sai ya dawo gida ya kulle kansa a ɗaki, ya rufe tagogi ya mayar da rana dare. Ya ce shi da wasu sun tambaye shi, ya ƙi faɗa. Benboliyo, ɗan'uwan Romiyo, ya hango shi cikin itatuwa awa guda kafin fitowar rana, da Romiyo ya gan shi sai ya shige ya ɓuya. Duk uban da ya zo asibiti da wannan bayani, za a ce ya kawo yaron a wannan makon.

Sai dai abin da ya biyo baya bai bi tsarin ciwon ba. Dare ɗaya ya mance Rozalin, yarinyar da yake wannan kukan dominta. Litinin da rana yana ta barkwanci da Makushiyo, har Makushiyo ya ce masa yanzu ne ka koma Romiyon da muka sani. Ciwon damuwa na gaske ba ya washewa cikin dare ɗaya don an ga wata yarinya. Amma a yi hattara da wannan hujjar a wajen wasa, domin matashi mai ciwon kan yi dariyar awa ɗaya da abokai, ya koma ɗaki abin ya dawo. Hukuncina shi ne rubutun bai isa a sa masa sunan cuta ba. Abin da ya nuna ƙarara shi ne yaro mai saurin hawa da sauka, wanda ba ya barci, wanda ya shiga matsanancin hali, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe mutum ko da babu wata daɗaɗɗiyar cuta a ƙasa.

Malam Isiyaku:
Likita, mutanen zamanin ma suna da nasu sunan. Likitancinsu ya tsaya a kan ruwaye huɗu na jiki: jini, majina, rawayar ɗaci da baƙar ɗaci. In baƙar ta rinjaya, mutum ya zama mai ƙunci da son kaɗaici. Mahaifin Romiyo da wannan harshen ya yi magana, ya ce abin zai yi muni in ba a samu shawara ta gari ta cire sanadin ba. Timothy Bright ya buga littafi guda a kan wannan ciwo a 1586, kusan shekara goma kafin wasan. Wato 'yan kallo na farko sun ji bayanin a matsayin rashin lafiya, ko da yake sun kuma san salon saurayin da ke kwaikwayon mawaƙan soyayya yana shan ƙamshi da baƙin cikinsa. Shakespeare ya bar ƙofofin biyu a buɗe.

Likita Sa'adatu:
Maganar barci kada ta wuce mu. Ya tashi kafin asubar Lahadi. Daren Lahadi bai kwanta ba, Fada da kansa ya lura da haka da ya gan shi da sassafe. Wasan bai nuna ya runtsa ba har yammacin Litinin da ya kashe Tibalt. Wannan ya haura awa 30. Binciken Dawson da Reid na 1997 ya nuna wanda ya yi awa 24 ido biyu, aikin hannunsa da hankalinsa kan lalace daidai da na wanda ya sha giyar da doka ta hana tuƙi da ita. Matashi kuwa awa 8 zuwa 10 yake buƙata kullum.

Masu cewa Makushiyo na da ciwon hawa da saukar yanayi saboda dogon jawabinsa na sarauniyar mafarki, wannan ya yi nisa. Sai an ga hali ya zarce aƙalla kwana huɗu, ko mako, kafin a fara wannan zance. Layi arba'in a dare ɗaya ba ya zama hujja.

Rakiya:
To ni zugar abokan ce ban gane ba. Babu inda Benboliyo ko Makushiyo ya ce wa Romiyo je ka kashe wani. Benboliyo ma mai raba faɗa ne. Ina matsin yake?

Malam Nuhu:
Rakiya, a nan mutane da yawa ke kuskure. Ana zaton zuga sai an buɗe baki an ce yi. A 2005 Gardner da Steinberg a Amurka sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda fitila kan koma ruwan ɗorawa, mutum ya zaɓa ya tsaya ko ya ƙara gaba don ƙarin maki. Rukuni uku ne: 'yan 13 zuwa 16, 'yan 18 zuwa 22, da 'yan 24 zuwa sama. Idan kowa shi kaɗai ne, bambancin ba shi da yawa. Da aka zaunar da tsara biyu kusa da su, kasadar ƙananan ta kusan ninkawa, ta manyan kuwa ba ta motsa ba. A 2011 aka sake gwajin da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, abokan suna wani ɗaki ma, suna kallo ta allo, ba sa ba da shawara. Sanin ana kallon kaɗai ya kunna sashen ƙwaƙwalwa mai neman lada. Sashen gaba, mai taka birki, ba ya gama nuna sai an wuce shekara 20 da 'yan kai.

Da wannan a koma buɗewar wasan. Bayi biyu na gidan Kafulet suna cika wa juna baki, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Da suka haɗu da na gidan Mantagu sai suka tsaya suna auna ko doka na gefensu. Ba su ƙara ƙarfi ba sai da ɗayansu ya hango ɗan gidansu na tafe. Idon na gida ne ya zare takobin. Shakespeare ya sa wannan a farko don a riƙe shi har kashi na 3.

Malam Isiyaku:
Allah ya saka, Malam Nuhu. Ga abin da zan ƙara, kuma duk mai koyar da wasan ya sa ɗalibai su bi sawun kalma ɗaya: yaro.

A wurin liyafa Tibalt ya gane muryar Romiyo ya nemi takobi. Tsoho Kafulet ya hana shi, ya ce duk Berona na yabon Romiyo da natsuwa. Da Tibalt ya ja, sai tsohon ya ci masa fuska a tsakiyar baƙi, ya kira shi yaro, ya maimaita. Tibalt ya fita yana rawar jiki don fushi. Da safe ya aika takardar ƙalubale gidan su Romiyo. Da suka haɗu Litinin, kalmar da aka jefe shi da ita ya jefi Romiyo da ita. A maƙabarta kuma, Romiyo ya fara roƙon Faris ya tafi, da Faris ya ƙi, da wannan kalmar ya auka masa. Daga bakin dattijo ta fito, ta bi ta kan matasa uku, duk inda ta sauka sai an ɗauki gawa.

Sannan fitowa ta 1 a kashi na 3 a karanta ta a hankali, mataki mataki. Benboliyo ya ce rana ta yi zafi, 'yan Kafulet na gari, a koma gida. Makushiyo ya mayar da shi abin tsokana. Tibalt ya zo ya zagi Romiyo. Romiyo ya ba shi amsa mai laushi, domin awa ɗaya ke nan da Tibalt ya zama surukinsa. Amma babu wanda ya san da auren a wurin. Har Makushiyo ya mutu yana zaton Rozalin ce matsalar abokinsa. Don haka abin da idonsa ya gani shi ne an zagi abokinsa a bainar jama'a ya sunkuyar da kai. Ya kira wannan ƙasƙanci, ya zare takobi a madadinsa. Romiyo ya shiga tsakani, ta ƙarƙashin hannunsa aka soki Makushiyo. Kafin ya cika ya tsine wa gidajen biyu, ya tambayi Romiyo me ya kai shi shiga tsakaninsu. Daga nan Romiyo ya ce son Juliyet ya mayar da shi ragon namiji. Wannan jumlar ita ce zugar. Wanda ya yi zugar an riga an fita da shi yana bakin mutuwa, Romiyo ne ke maimaita wa kansa.

Baba Ɗanjuma:
Malam Isiyaku ya gama magana. A dandamali ga yadda ake fito da wannan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar mutum huɗu ko biyar kawai a filin. In babu masu kallo a cikin wasan, 'yan kallo na waje ba za su ga dalilin faɗan ba. A sa yara takwas zuwa goma a gefe biyu, a matsayin 'yan gari da yaran gidajen. Lokacin da Romiyo ya ƙi faɗa, su yi gunaguni, wani ya yi tsaki, wani ya juya baya. Makushiyo ya dubi waɗannan fuskokin tukuna, daƙiƙa uku cif, kafin hannunsa ya kai ga takobi.

Faɗan kansa a tsara shi kamar rawa. Takubban katako marasa tsini, kowane faɗa kada ya wuce motsi shida zuwa takwas, kowane motsi da lambarsa. Mako biyu na farko a rabin sauri. Tazara ta zama ko an miƙa hannu gaba ɗaya bakin takobi ba zai taɓa jiki ba. Kafin kowane nuni a maimaita faɗan sau ɗaya a hankali. Inda ake jin rauni shi ne ranar nuni, in 'yan aji suka fara ihu yaro ya ƙara motsin da ba a koya masa ba. Abin da ya kashe Makushiyo ke nan, kuma ya kamata a gaya wa 'yan wasan haka ƙarara tun ranar farko.

Malama Hauwa:
Duk maganar ta tafi kan maza. Juliyet fa? Ita ba ta da abokan da za su zuga ta.

Malam Nuhu:
Nata ya fi ba ni tsoro, Malama. Ba ta da ƙawa ko ɗaya a duk wasan. Tsararta guda da aka ambata ita ce Suzan, 'yar uwar goyonta, wadda ta rasu tun tana jaririya. Ba ta fita sai zuwa wurin Fada. Mutanenta huɗu ne, kuma a kashi na 3, fitowa ta 5, cikin 'yan mintuna uku suka zame. Uba ya ce in ba ta auri Faris ba ta bar masa gida, ta yi bara, ta mutu a titi. Ta juya wurin uwa ta roƙi a ɗaga bikin ko da wata ɗaya, ko mako, ta ce in ba haka ba a shimfiɗa mata gadon amarci a kabarin da Tibalt yake. Uwar ta ce kada ta ƙara yi mata magana, ta gama da ita. Uwar goyo, wadda ita ta kai saƙon auren farko, ta ce ta haƙura ta auri Faris. Daga nan yarinyar ta daina gaya wa kowa gaskiya a gidan. Washegari ba ta ma kai ba, da yamma ta dawo ta durƙusa wa uban ta ce ta tuba, fuska a sake.

Wannan sakin fuskar a ja hankalin ɗalibai da iyaye a kai. Yaron da ya yi kwanaki cikin tashin hankali, kwatsam ya natsu ba tare da matsalar ta warware ba, ba lallai sauƙi ya samu ba. Sau da yawa ya yanke shawara ne. Kafulet ya ga natsuwar ya yi murna, har ya matso da bikin kwana ɗaya.

Shi ma Romiyo ƙarshensa kaɗaici ne. Bayan kashi na 3, fitowa ta 1, ba a ƙara ganin Benboliyo ba. A bugun farko na 1597 har akwai layin da ke cewa ya mutu. Wanda ya fara da taron abokai ya ƙare a baƙon gari da bara ɗaya.

Likita Sa'adatu:
A ƙirga sau nawa yaran nan suka faɗa da bakinsu a gaban babba cewa za su kashe kansu. Romiyo a ɗakin Fada, gaban Fada da uwar goyo. Juliyet a gaban uwarta, kamar yadda Malam Nuhu ya kawo. Juliyet kuma a ɗakin Fada ranar Talata. Sau uku, manya uku. Maganar da ake yi cewa mai faɗa ba ya aikatawa ƙarya ce, kuma ta jawo asarar rayuka.

Abin da Fada ya yi da Romiyo darasi ne, rabi daidai rabi kuskure. Ya riƙe hannunsa, wannan daidai. Sai ya shiga faɗa, yana tambayarsa ko shi namiji ne, yana cewa hawayensa na mata ne. Wato makamin da ya kai yaron ga kisa awa kaɗan da suka wuce, shi ya sake ɗauka. Abin da ya dawo da hankalin Romiyo yana ƙarshen jawabin: tsari na zahiri, je ka ga matarka, ka fita kafin a sa masu gadi, ka zauna Mantuwa, zan riƙa aiko maka labari. Sai uwar goyo ta miƙa masa zoben Juliyet. Abin yi a daren nan, da shaidar cewa wani na jiransa, su suka yi aiki.

Da Juliyet kuwa ya ƙara rufa asiri a kan asiri. Yarinya 'yar 13 ta zo a wannan hali, ya sallame ta ita kaɗai da kwalba, bai gaya wa kowa a gidansu ba, ya rataya komai a kan wasiƙa ɗaya mai sanar da Romiyo shirin, ta hannun mutum ɗaya. Fada Yohana, wanda aka ba wasiƙar, ya tsaya neman abokin tafiya, jami'an annoba suka kulle su a gida, wasiƙar ba ta bar Berona ba, alhali Mantuwa ba ta fi kilomita 40 ba.

Malam Tijjani:
Allah ya gafarta malamai, ni damuwata daban ce. Kashe kai babban zunubi ne a Musulunci da Kiristanci duka. Wasan da ya ƙare da yara biyu sun yi haka, aka kuma ce za a yi musu gumakan zinariya, anya ya dace a sa a gaban 'yan shekara 15? Ba koya musu za a yi ba?

Likita Sa'adatu:
Malam, tsoronka yana da tushe, kuma masana sun auna shi. David Phillips ya nuna a 1974 cewa bayan jaridu sun yayata irin wannan mutuwa a shafin farko, adadin kan ƙaru. Abin da ke jawo kwaikwayo an san shi: bayyana hanyar dalla-dalla, ƙawata mutuwar, nuna ta a matsayin mafita, da danganta ta ga dalili guda. A 2010 masu bincike a Ostiriya suka nuna ɗaya gefen, cewa labarin wanda ya shiga halin ya fita da taimakon mutane yana tafiya da raguwar adadin. Don haka yadda aka nuna shi ne ke yanke hukunci.

Yin maganar kanta ba ta dasa tunanin. Gould da abokan aikinta sun gwada a 2005 da ɗaliban sakandare sama da 2,000 a jihar New York, tambayar kai tsaye ba ta ƙara wa kowa damuwa ko tunanin ba.

Malam Isiyaku:
Kuma Malam Tijjani, wasan bai wanke abin ba. Fada ya kira shi abin la'ana a fuskar Romiyo. A Ingila ta lokacin laifi ne a doka, ana ƙwace dukiyar mamacin, a hana shi maƙabartar coci, kuma bai fita daga jerin laifuka ba sai 1961. Ƙawatawar daga baya ta zo. A tsakiyar ƙarni na 18 David Garrick ya cire Rozalin, ya ƙara wata fitowa inda Juliyet ke farkawa su yi bankwana mai daɗi kafin Romiyo ya cika, aka yi kusan shekara ɗari ana nuna wannan. Cire Rozalin ya ɓoye saurin sauyawar yaron, bankwanan kuma ya mayar da kuskure abin sha'awa. A rubutun asali ba su ga juna da rai ba. Ya riga ta da mintuna kaɗan, bisa labarin da ba gaskiya ba.

Baba Ɗanjuma:
To ga yadda za a yi a makaranta. Rubutun ya kai layi 3,000, a rage shi zuwa minti 75 ko 80. Abin da ba a taɓawa: bayanin mahaifin Romiyo, Rozalin, cin fuskar Tibalt, duk fitowar faɗan, ɗakin Fada sau biyu, da fitowar da iyaye suka juya wa Juliyet baya. Mawaƙan bayan mutuwar ƙarya da yawancin barkwancin bayi za su iya tafiya. 'Yan wasa daga aji biyu na babbar sakandare zuwa sama, da takardar yardar iyaye wadda ta faɗi abin da wasan ya ƙunsa. Kada a ba yaron da aka san yana cikin wani hali, ko wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, matsayin Romiyo ko Juliyet don a ce zai fi fito da shi. Mako takwas na gwaji, fitowar ƙarshe kada a maimaita ta fiye da sau biyu a zama ɗaya. Bayan kowane gwaji a tuɓe kayan wasa, a tsaya a da'ira, kowa ya faɗi sunansa na gaskiya da abin da zai yi in ya koma gida. Minti biyar ne, kada a tsallake.

Maƙabarta: babu kyandir, babu furanni, babu kiɗa mai taushi. Haske fari mai sanyi. Lokacin aikatawar a juya wa 'yan kallo baya ko a ɗauke haske, kada a ga yadda aka yi. Gawar Faris ta kasance a fili. Kuma kada a rufe labule a kan gawarwakin biyu, wanda shi ne kuskuren da aka fi yi. A bar masu gadi su shigo, uwar Juliyet ta gani, Mantagu ya faɗi mutuwar matarsa, Fada ya tsaya ya lissafa abin da ya yi da bakinsa. Gumakan zinariyar da Malam Tijjani ya ambata, a sa iyayen su faɗe su cikin karyayyar murya, babu mai amsa musu.

Malam Nuhu:
Bayan labule a ɗauki minti 20 ana tattaunawa, tambaya ɗaya ta isa: a wane wuri wani zai iya tsayar da wannan, kuma me zai ce? Malamin ba da shawara ya tsaya inda za a gan shi, a kuma faɗi ɗakinsa da lokacinsa.

In ɗalibi ya zo da magana, a kai shi wuri mai sirri, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, da kalmar, ba kewaye-kewaye. A saurara, kada a fara da wa'azi ko faɗa, nasiha tana da lokacinta bayan an tsallake daren. Kada a yi alkawarin rufa asiri. In ya ce e, kuma yana da shiri, ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya, a kira iyaye, a kai shi asibiti a ranar. Babban asibiti mafi kusa ya isa a fara, su za su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa irin na tarayya da ke Kaduna, Kware ko Maiduguri in da buƙata. A gida a kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kulle. Wannan matakin mutane ke rainawa, alhali matsanancin halin sau da yawa gajere ne, in abin bai zo hannu ba sai ya wuce. Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya haɗari, adadin masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A wasan ma dokar Mantuwa ta hana sayar da abin da Romiyo ya nema. Yunwar mai kantin da tsabar zinariya 40 suka karya ta.

Rakiya:
Baba, Baltasa fa, baran Romiyo? Shi ne tsara na ƙarshe da ya gan shi. Yawanci ana rage shi ya zama ɗan aike kawai.

Baba Ɗanjuma:
Kada a rage shi, 'yata. Sau biyu ya gane. A Mantuwa ya ce wa ubangidansa fuskarsa ta yi fari, idonsa ya birkice, ya roƙe shi ya yi haƙuri. Romiyo ya aike shi neman dawaki, ya tafi. A bakin maƙabarta Romiyo ya ba shi wasiƙar da zai kai wa mahaifinsa da safe, ya ba shi kuɗi, ya yi masa sallama, ya ce in ya leƙo zai yayyaga shi. Baltasa ya ce a ransa bai yarda da wannan fuska ba, ya ɓuya a kusa, har barci ya ɗauke shi a gindin itace. Wasiƙa, kyauta da sallama, alamomi uku a hannunsa, amma bara ne, an yi masa barazana, kuma ba a taɓa gaya masa wurin wa zai ruga ba.

A ba wannan matsayi yaron da ya iya wasa sosai, a ajiye shi a gaban dandamali ta hagu inda kowa zai ga fuskarsa, haske kaɗan a kansa har Fada ya iso. A wurin tattaunawa kuma a fara da shi, domin yawancin yaran da ke zaune a zauren nan matsayin Baltasa za su taɓa tsintar kansu a ciki. Malam Nuhu, in za ka rubuto jumla biyu ko uku da yaro zai iya faɗa wa malami a irin wannan hali, sai a buga su a bayan takardar shirin wasan, a raba wa kowa a ƙofa.